17/250: Me Ake Saya Idan An Sayi Marilyn Ta Warhol?

Duk wanda ya shiga gidan gwanjo a New York ko Landan da niyyar sayen ɗaya daga cikin hotunan Marilyn Monroe da Andy Warhol ya fitar a 1967, zai kalli fuskar na ɗan lokaci, sannan ya nemi a cire takardar daga firam a juya masa bayanta. A can zai ga sa hannu da fensir, da wata lamba da aka buga da hatimin roba, a ce 17/250. Idan waɗannan biyun suna nan, kuma masana sun yarda da su, takardar takan haura dala dubu ɗari. Idan babu su, fuskar nan dai, da launin nan, da girman nan, ana samunta a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ta hana mu sakat.

Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, mun tashi cikin duniyar da kwafi ba ya cin ko sisi. Ka kwafi fayil sau miliyan, na ƙarshe da na farko ba su da bambancin ko ɗigo ɗaya, har akwai lissafin da ake yi a tabbatar da hakan. Saboda haka idan aka ce mana an buga abu da na'urar da aka ƙera domin yawaita abu, sannan aka tsaya a kan 250 aka ce ya zama na musamman, abin da ke fara zuwa mana shi ne dariya. Mun daɗe muna wannan dariyar. Yanzu ta ragu, kodayake ba ta ƙare ba.

Ga abin da aka buga. Kundi ne mai ɗauke da takardu goma, kowace murabba'i ce mai inci 36 a kowane gefe, wato kusan santimita 91. Fuska ɗaya ce a kan dukkansu, launi ne kawai ke sauyawa. An buga kundi 250, aka ƙara 26 na gwajin mai zane waɗanda aka yi wa alama da haruffa maimakon lamba. Idan mai karatu ya yi lissafi zai ga takardu 2,500 ke nan, ban da 260 na gwajin. Kamfanin da Warhol ya kafa domin irin wannan aiki, Factory Additions, shi ya wallafa, kuma wata maɗaba'a a New York mai suna Aetna Silkscreen Products ita ta buga. A lokacin ana sayar da kundin gaba ɗaya dala 500. Yau cikakken kundi mai lamba ɗaya daga farko zuwa ƙarshe miliyoyin daloli yake yi.

Hanyar bugun kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu buga rigunan 'yan makaranta ko na yaƙin neman zaɓe. Ana ɗaura wata lallausar raga a kan katako kamar rariya, a toshe wasu wurare a bar wasu, a ɗora ta a kan takarda ko ƙyalle, a zuba tawada, a ja ta da katako mai bakin roba. Inda aka bari a buɗe tawada ta wuce. Kowane launi da ragarsa. Abin da ake yi a lungunan Kano da Kaduna duk kakar siyasa shi ne abin da aka yi wa Marilyn, kuma a Amurka ma a wancan lokacin hanya ce ta 'yan kasuwa, ta buga alamomin shaguna da kwalaye da yadi. Warhol ya zaɓe ta ne yana sane da hakan. Kafin ya zama mai zanen da ake rataye aikinsa a gidan tarihi, ya shafe shekarun 1950 yana zana takalman mata domin tallace-tallace a jaridu. Ya san kasuwa tun daga tushe, bai kuma taɓa yin kamar yana jin kunyarta ba.

Fuskar ma ba shi ya zana ta ba. Hoton talla ne na fim ɗin Niagara na 1953, wanda ake danganta ɗaukarsa ga Gene Kornman. Warhol ya yanke kafaɗu da ƙirji ya bar kai. Ya fara aiki da hoton ne a watan Agustan 1962, makonni kaɗan bayan an tsinci gawar Marilyn a gidanta a Los Angeles tana da shekara 36. Wannan yana da muhimmanci. Tun ranar farko hoton mamaciya ne, kuma an ɗauko shi daga lokacin da take kan ganiyarta, shekara tara kafin mutuwarta.

To, aikin yana da kyau? Tambayar da masu maganar farashi kan tsallake ke nan, mu kuwa ita muka fi so mu tsaya a kai.

Abin da ya fi kama mu a takardun 1967 shi ne yadda launuka suka ƙi zama a inda ya kamata. Jan-bakin ya ɗan zarce leɓe. Gazar ido ta hau sama da fatar idon. Gashin ya zama faffaɗan launi guda, kamar an yanko takarda an manna. A ƙarƙashin duk wannan akwai hoton ainihi, baƙi-baƙi, da inuwar kumatu da tawadar Allah da ke gefen bakin. Mai bugun riguna zai kira wannan kuskure, ya ce ragar ta goce. A nan gocewar ce ke ɗauke da maganar. Idonka yana ganin abu biyu a lokaci guda: fuskar mace, da fentin da aka shafa mata, kuma biyun ba su taɓa haɗuwa daidai ba. Matar da aka haifa da sunan Norma Jeane, wadda ta taso tsakanin gidajen riƙo da gidan marayu, kamfanonin fim suka sauya mata suna da launin gashi. Duk wanda ya san wannan tarihin zai ga an faɗe shi da tawada ba tare da kalma ko ɗaya ba.

Sai dai takardun goma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai wadda bayanta ruwan hoda ne, gashin rawaya, fuskar kusa da launin mutum. Ita ce ake gani a kan jakunkuna da murfin waya, tana kuma cikin waɗanda masu saye suka fi rububi. A ganinmu tana cikin mafi rauni, domin ta yi daɗin kallo da yawa, ta koma tallar da aka ɗauko ta daga ciki. Wadda muka fi komawa gare ta ita ce mai baƙi da ruwan toka, wadda aka zare wa duk wani farin ciki, fuskar ta zama kamar ta hoton asibiti. Akwai kuma waɗanda fatar ta koma launin da babu ɗan'adam mai shi, haƙoran suna walƙiya a cikin duhu. Idan aka jera goman a bango ɗaya, kamar yadda gidan tarihin MoMA na New York ke da damar yi tunda yana da cikakken kundi, murmushin yakan fara da fara'a ya ƙare da ban tsoro, alhali bai sauya ba ko kaɗan. Kai ne ka gaji da shi.

Wannan ya sa muke ganin sayar da su ɗai-ɗai ya rage wa aikin wani abu. Dillalai sun daɗe suna farraka kundin domin an fi samun mai sayen takarda ɗaya. Mutum ya zaɓi wadda ta dace da labulen falonsa, ya rataye. Abin da ya samu kyakkyawar mace ce mai launi. Maimaicin, wanda shi ne gishirin miyar, an bar shi a kasuwa.

Kuma idan za mu faɗi gaskiya, kundin 1967 bai kai aikin 1962 da ke gidan tarihin Tate a Landan ba, wanda ake kira Marilyn Diptych. A can fuskoki 50 ne a kan ƙyalle biyu, 25 masu launi a hagu, 25 baƙi da fari a dama. A ɓangaren dama tawada ta yi yawa a wani layi har ta shafe fuskar, sannan ta yi ta ƙarewa har fuskar ta kusa ɓacewa a gefe. A nan na'urar ta gaji a gaban idonka. Kundin 1967 an yi shi ne cikin tsabta, a maɗaba'ar ƙwararru, ƙarƙashin kulawar David Whitney, domin kowane kwafi ya fito daidai da ɗan'uwansa. Kaya ne na sayarwa, an kuma yi shi da kyau a matsayin kaya.

Yanzu mu koma kan lambar. A zamanin da ake buga hoto daga farantin tagulla da aka sassaƙa, kamar yadda Rembrandt ya yi a ƙarni na 17, farantin yana cinyewa. Bugu na farko ya fi na ɗari kaifi, don haka ƙarancin yana da dalili a jikin ƙarfen. Su ma ɗin ba su riƙa sa lamba ba. Al'adar rubuta kaza bisa kaza ta yaɗu ne daga ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da dillalai suka gane amfaninta. A bugun raga wannan dalilin ya yi rauni ƙwarai. Muddin kana da hoton asali za ka iya ƙera sabuwar raga gobe. Lamba ta 17 ba ta fi ta 240 kyau ba, kuma ba ta nuna cewa ita aka buga ta goma sha bakwai, domin sai an gama bugu, an shanya, an tara, sannan ake bin su da hatimi. Abin da 250 ke nufi alƙawari ne kawai: mun tsaya a nan, ba za mu ƙara ba. Shi ya sa jihohi irin su New York da Kaliforniya suka yi dokar da ta tilasta wa mai sayar da irin wannan kaya ya bayyana adadin da aka buga. Alƙawarin da kuɗi ya rataya a kansa yana buƙatar alƙali. Wanda ya ji labarin Salvador Dalí, da ya riƙa sa hannu a kan dubban fararen takardu kafin a buga komai a kansu, ya san dalilin.

Marubucin nan Bajamushe Walter Benjamin ya yi hasashe a tsakiyar shekarun 1930 cewa idan na'ura ta iya yawaita hoto, kwarjinin da ke tattare da abu guda tilo zai dusashe. Rabin maganarsa ta tabbata. Kwarjinin ya bar gaban takardar, tunda kowa na da fuskar Marilyn a wayarsa kyauta, amma bai mutu ba, baya ya zagaya ya zauna a kan fensir da hatimi.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a labarin Sunday B. Morning. Daga 1970 wasu mutane a Turai, waɗanda ake dangantawa da Beljiyam, suka fara buga waɗannan Marilyn ɗin dai, girma ɗaya, launuka kusan ɗaya. Labarin da ya fi yawo shi ne da farko da sanin Warhol aka fara, daga baya aka ɓata. A bayan kowace takarda akwai hatimi biyu: ɗaya na sunan mawallafin, ɗaya kuma yana gayyatar mai saye ya cike gurbin da nasa sa hannun. Wasa ne irin wanda Warhol da kansa zai iya ƙirƙira. An kuma samu lokutan da aka kawo masa irin waɗannan takardu, ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa wannan ba aikinsa ba ne, sannan ya sa hannu a ƙasa. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a nan. Takardar da aka rubuta wa cewa ba tasa ba ce ta fi 'yar'uwarta da ba a rubuta wa komai ba tsada, domin yanzu hannunsa ya taɓa ta. Ƙaryatawar ce ta zama shaida.

Har gobe ana buga Sunday B. Morning, da hatimi mai shuɗiyar tawada, ana sayarwa a fili a kan abin da suke. Babu damfara a cikin hakan. Damfarar tana zuwa ne idan wani ya goge hatimin ya kwaikwayi fensir, ko ya manna takardar a kan kwali domin kada a ga baya, ya sa ta a kasuwar intanet da takardar shaida mai kan sarki na zinariya. Takardar shaida ba ta fi wanda ya rubuta ta daraja ba, kuma buga ta ya fi buga Marilyn sauƙi. Masu saye na gaske littafin Frayda Feldman da Jörg Schellmann suke dubawa, wanda ya tattara bugun Warhol ya ba kowanne lamba. Marilyn goman nan su ne II.22 zuwa II.31. Sannan su bi sawun takardar, daga hannun wa zuwa hannun wa, tun 1967. Matan da ke juya gefen atamfa a Kantin Kwari suna neman rubutun kamfani kafin su taya sun san wannan ilimin, sun kuma san cewa masu jabu ma sun iya buga rubutun gefe.

To wa ke da ikon cewa wannan na gaske ne? Warhol ya mutu a watan Fabrairun 1987. A 1995 gidauniyar da ke kula da gadonsa ta kafa kwamitin tantancewa. Ka aika da kayanka, su duba, idan ba su gamsu ba su buga wa bayansa hatimin ƙi, da tawadar da ba ta fita. Wani mai shirya fim, Joe Simon, ya sayi wani jan hoton Warhol na kansa a 1989 a kan dala 195,000. Hoton yana cikin wasu da aka buga a 1965 a wata maɗaba'a ta waje, ba tare da Warhol yana tsaye a wurin ba. Kwamitin ya buga masa hatimin ƙi har sau biyu. Abin da ya dagula lamarin shi ne wani daga cikin wannan rukunin yana ɗauke da sa hannun Warhol da sadaukarwa ga dillalinsa Bruno Bischofberger, kuma shi ne a bangon littafin da Rainer Crone ya tattara ayyukan Warhol a 1970, Warhol yana raye. Simon ya kai ƙara a 2007, kuɗin shari'a ya fi ƙarfinsa, ya janye a 2010. Gidauniyar ta kashe kusan dala miliyan 7 a kan lauyoyi, ba da jimawa ba kuma ta sanar da rufe kwamitin, ya daina aiki a farkon 2012.

Hujjar kwamitin ita ce Warhol bai halarci bugun ba. Amma mutumin nan ya sa wa ɗakin aikinsa suna masana'anta, ya cika shi da mataimaka, ya sha nuna cewa zai so wani ya yi masa aikin ba a gane ba. Idan aka bi wannan hujja har ƙarshenta, tambayar za ta iso ƙofar kundin 1967 ma, wanda ma'aikatan Aetna suka ja wa tawada. Abin da ya raba su shi ne ɗaya an amince da shi a rubuce, an ƙirga, an sa hannu, ɗayan kuma amincewarsa tana cikin gardama. A harshen sana'armu, bambancin ba ya cikin fayil ɗin, yana cikin rajistar da ta ce wa ya ba da izini.

A 2021 wasu matasa a Brooklyn masu suna MSCHF suka gwada wannan a aikace. Suka sayi wani ƙaramin zanen alƙalami na Warhol na 1954 a kan dala 20,000, suka sa na'ura ta kwaikwayi guda 999 a kan takardar da aka tsufar da gangan, suka cakuɗa na gasken a ciki, suka ce sun lalata duk wata hanyar gane shi. Suka sayar da dubun a kan dala 250 kowanne. Zanen Warhol yana nan lafiya a gidan wani, ba a yage shi ba, ba a ƙona shi ba. Sawunsa kawai aka share, dala dubu ashirin ta narke.

A shekarar dai aka yi wani cinikin da ya fi shafar mu. A tsakiyar shekarun 1980 Warhol ya yi wasu zane-zane a kwamfutar Amiga. Suka kwanta a tsofaffin faifai har 2014, lokacin da aka sanar da cewa 'yan ƙungiyar kwamfuta ta jami'ar Carnegie Mellon, bisa shawarar mai zane Cory Arcangel, sun yi nasarar ciro su. A watan Mayun 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da biyar daga ciki a matsayin NFT, jimilla sama da dala miliyan 3. Asalin hotunan ɗigo 320 ne a kwance, 200 a tsaye. Waɗanda aka sayar an faɗaɗa su zuwa dubban ɗigo domin su cika allon zamani, har ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin cirowa, Golan Levin, ya fito ya ce waɗannan ba su ne na asali ba. Mun yi ta muhawara a kan wannan da abokan aiki. NFT hatimin roba ne da aka cire wa takarda. Ya ɗauki 17/250 ya ce ita kaɗai ta isa. Yadda wannan kasuwa ta faɗi bayan 2022, alhali takardun 1967 suna nan da darajarsu, ya sa muka fara zargin cewa dariyarmu ta farko ta yi gaggawa.

Domin takarda ba fayil ba ce. Tana da jiki, jikin kuma yana tsufa. An buga Marilyn ɗin nan har bakin takarda, babu farin gefe da zai kare ta, don haka kusurwoyi sun lanƙwashe, gefuna sun karce. Tawadar tana da kauri, idan aka naɗe takardar sai ta tsage. Ruwan hoda da sauran launuka masu ƙyalli ba sa jure hasken rana. Mutanen da suka saya a 1967 da arha ba su ɗauke ta dukiya ba. Wasu sun manna da salatif, wasu sun rage gefe domin ta shiga firam. A cikin 250 na kowane launi, wasu suna gidajen tarihi ba za su sake fitowa kasuwa ba, wasu sun lalace, wasu sun koɗe. Ƙarancin da aka ƙirƙira da hatimi, shekaru fiye da hamsin sun mai da shi na gaske. Takardu biyu masu launi ɗaya yau ba abu ɗaya ba ne, kuma farashinsu yakan bambanta ƙwarai saboda ɗaya ta kwana a bangon da rana ke duka. Wannan ne ɓangaren darajar da muka yarda da shi ba tare da jayayya ba.

Sauran ɓangaren kuwa inuwa ce daga sama. A ranar 9 ga Mayun 2022, Christie's ta sayar da Shot Sage Blue Marilyn, zane a kan ƙyalle na 1964, a kan dala miliyan 195, dillali Larry Gagosian ne ya yi tayin ƙarshe. Sunan ya samo asali ne daga ranar da wata mata, Dorothy Podber, ta shiga ɗakin aikin Warhol ta ciro bindiga ta harbi tarin hotunan Marilyn da ke jingine a bango. Harsashi ya zama ɓangare na farashi. Duk lokacin da irin wannan ciniki ya faru, mai takardar 1967 yakan ji dukiyarsa ta motsa, domin yana riƙe da fuskar nan, daga hannun nan, a kan kason da bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Yawan ma yana taimakawa. Zane guda tilo yakan yi shekara ashirin bai fito kasuwa ba, ba wanda ya san farashinsa. Abin da ke da 'yan'uwa 249 kuwa kusan kowace kaka ana sayar da ɗaya, ana rubuta farashin, kowa ya gani. Ya zama kamar hannun jari, banki ma zai iya karɓarsa jingina. Abin mamaki, yawansa ne ya sa ake yarda da farashinsa, ƙarancinsa kuma ya sa farashin ya yi sama.

Akwai waɗanda ba su cikin wannan rabo. Sunan Kornman ba ya bayan takardar. Sunayen ma'aikatan da suka ja tawada launi bayan launi a kan takardu kusan dubu uku ba sa nan. Matar da ke gaba ta riga ta mutu shekara biyar kafin a buga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan wannan tambaya ta wata ƙofa, a shari'ar mai ɗaukar hoto Lynn Goldsmith, wadda Warhol ya yi amfani da hoton mawaƙi Prince da ta ɗauka a 1981. An biya ta dala 400 a 1984 domin amfani sau ɗaya. A 2016 gidauniyar ta karɓi kimanin dala 10,000 daga kamfanin mujallu a kan wani hoton daga wannan rukuni, ba a ambaci sunanta ba. Alƙalai bakwai cikin tara suka ba ta gaskiya a kan wannan ciniki. Hukuncin bai taɓa Marilyn ba, amma ya tuna wa mutane cewa a ƙarƙashin launin akwai aikin wani. Marubutanmu da ke sayar da littafi a rukunin WhatsApp, su wayi gari wani ya kwafe ya watsa kyauta, ba sa buƙatar a fassara musu wannan ciwon.

Idan aka tambaye mu wadda za mu rataye a ɗaki, Sunday B. Morning za mu ce, mai baƙi da ruwan toka, mu bar gurbin sa hannun a buɗe. A taku uku daga bango tana yin duk abin da ta 1967 ke yi wa ido, kuma ba za mu ji tsoron buɗe taga ba. Wanda ya biya dala dubu ɗari biyu dole ya sa gilashi mai tare haske, ya rage fitila, wani ma ya ajiye ta kwance a aljihun tebur a ma'ajiyar da ba a shiga. Amma ba za mu yi ƙaryar cewa ba mu ji wani abu ba idan aka ce mana ga takardar da ta fito daga maɗaba'ar nan, a shekarar nan, shekara ɗaya kafin Valerie Solanas ta harbi Warhol a ofishinsa a watan Yunin 1968. Mu ma da muke cewa kwafi duk ɗaya ne, akwai tsohuwar kwamfutar da muka fara koyon aiki a kanta, ba ta kunnuwa, mun ƙi jefar da ita.

A farkon Nuwamban 2024, ɓarayi suka fasa ƙofar wani shagon zane a garin Oisterwijk na ƙasar Holan da abin fashewa. Abin da suka zo nema bugun raga huɗu ne na Warhol na 1985, daga rukunin sarauniyoyi masu mulki, wanda aka buga 40 na kowane hoto. Suka fito da su, suka tarar firam ɗin ba za su shiga motarsu ba. Suka yage takardun daga firam, suka tafi da Sarauniya Elizabeth ta Ingila da Margrethe ta Denmak, suka yar da Beatrix ta Holan da Ntombi ta Swaziland a kan titi, a lalace. Biyun da suka ɗauka kowace tana da lambarta, kuma duk wani dillali da gidan gwanjo da zai iya biyan kuɗinsu ya san lambar.